Ɗora Bidiyon Gasar Ciyalidin a Intanet: Wace Dokar Kulob Ce Ta Fi Dacewa da Yaranku?

A watan Mayu ne yawancin kulob-kulob ɗin ciyalidin (cheerleading, wasan ƙungiya mai haɗa alkafura, ɗaga mutum sama da rawa) na All Star, wato masu zaman kansu da ke yin gasa, a Amurka suke tantance 'yan wasa, su miƙa wa iyaye takardun yarjejeniyar sabuwar kakar wasa. Hankalin kowa yana kan kuɗin wata da na kayan sawa da na tafiye-tafiye. Shafin da ya yi magana a kan ɗaukar bidiyo da ɗora shi a intanet ba kasafai ake tsayawa a kansa ba, alhali kuwa shi ne yakan haɗa iyaye da koci faɗa idan kaka ta yi nisa. Kulob biyu na iya zama a gari ɗaya, kuɗinsu kusan ɗaya, amma dokarsu ta bidiyo ta yi hannun riga. Mai zaɓar wa yaronsa kulob da mai kulob da ke rubuta doka duk suna buƙatar sanin abin da kowace irin doka take karewa da abin da take bari a fili.

Wasan gasa na manyan rukunai minti biyu da rabi ne, a kan dandamali mai sifirin, ƙafa 54 a faɗi da 42 daga gaba zuwa baya, shimfiɗe da tabarmi tara. A cikin wannan ɗan lokaci ake jera alkafura, tsalle, ɗaga mutum sama, cilla shi a cafe, gina dala da jikin 'yan wasa, sannan rawa. Ana lissafa komai da ƙirga takwas-takwas, kuma wasa guda yakan ɗauki irin wannan ƙirga kusan 46. Ana tsara shi a watan Yuli ko Agusta, sau da yawa da ƙwararren da aka ɗauko daga waje aka biya shi kuɗi mai kauri. A Oktoba ko Nuwamba a nuna wa iyaye, daga nan a shiga gasa har zuwa manyan taruka irin su CHEERSPORT a Atlanta cikin Fabrairu, NCA a jihar Teksas, da gasar duniya da The Summit a Orlando a ƙarshen kaka. Duk wata dokar bidiyo a kan wannan jadawali take hawa.

Hani gaba ɗaya da hani na ɗan lokaci

Doka mafi tsauri ita ce wadda ta ce kada kowa ya ɗora komai, daga ranar da aka fara tsara wasa har kaka ta ƙare. Tana da sauƙin rubutawa da sauƙin fahimta, ba ta barin ƙofar gardama. Dalilin da masu ita suke bayarwa shi ne satar fasaha: an biya mai tsara wasa, ya ƙirƙiro yadda za a hau dala da yadda za a sauko, ba a son a wayi gari a ga abokan hamayya sun kwafa. Wannan tsoro yana da tushe, domin dokar haƙƙin mallaka ta Amurka tana kare tsararriyar rawa amma ba ta kare motsin jiki na wasanni ɗaya-ɗaya, don haka wanda aka kwafe wa salon hawa dala da wuya ya sami inda zai kai ƙara.

Matsalar ita ce dokar ba ta iko da kowa sai 'yan gida. Ranar gasar farko, iyayen wasu kulob-kulob suna zaune a kujerun 'yan kallo riƙe da wayoyinsu, kociyoyinsu ma suna kallo, kuma idan gasar kamfanin Varsity ce, babban mai shirya gasar ciyalidin, akwai yiwuwar ana watsa ta a Varsity TV ga duk wanda ya biya kuɗin rajista. Daga wannan rana wasan ya fita. Abin da ya rage shi ne uwar da ta biya kuɗin kaka ba ta da damar nuna wa kowa 'yarta, baƙo kuwa yana ɗorawa yadda ya ga dama. Dokar da mutane suke ganin ba ta da ma'ana a ɓoye suke karya ta. Sai koci ya kama wata ya kyale wata, daga nan maganar son kai ta taso. Akwai kuma 'yan shekarun ƙarshe na sakandare da suke neman gurbi a ƙungiyoyin jami'a, inda akan nemi bidiyon ƙwarewarsu. Hani gaba ɗaya yana tauye su, sai fa in an rubuta musu togaciya.

Saboda haka kulob da yawa suke zaɓar hani na ɗan lokaci: a rufe komai har a yi gasar farko, bayan nan a buɗe. Ta fuskar kare aikin mai tsara wasa wannan ta fi hankali, domin tana rufe ƙofa a daidai watannin da rufewar take da amfani, wato daga Agusta zuwa Nuwamba ko Disamba, lokacin da wani kulob yake da sararin sauya wasansa in ya ga abin da ya burge shi. Sai dai a duba yadda aka rubuta ta. “Gasar farko” ta wa? Kulob ɗaya na iya samun ƙungiyoyi goma, ƙananan su fara gasa a Nuwamba, manyan su jira har Disamba. Bikin nuna wa iyaye gasa ne ko atisaye? In takarda ba ta fayyace ba, za a sami uwar da ta ɗora bidiyon bikin da zuciya ɗaya, a kira ta ofis washegari.

Wani abin da akan manta shi ne wasa ba ya tsayawa yadda aka tsara shi. Bayan gasa ɗaya ko biyu kociyoyi suna zama da takardar makin alƙalai, su ƙara wahalar ɗagawa, su sauya dala, su musanya wuraren tsayuwa, musamman a Janairu kafin manyan gasa. Waɗannan gyare-gyare su ne sirrin gaske. Don haka doka mai kyau takan raba biyu: abin da aka yi a gaban alƙalai a buɗe yake bayan ranar kaza, abin da aka yi a ɗakin atisaye a rufe yake duk shekara. Wannan rabo yana da wata fa'idar. A atisaye ne ake faɗuwa, a yi kuka, koci ya ɗaga murya, kuma babu yaron da ya kamata a ga wannan ɓangare nasa a TikTok.

Rauni babba na hani na ɗan lokaci shi ne fasaha kawai yake karewa. Bai ce komai a kan kiɗa ba, bai ce komai a kan tsaron yara ba, kuma a ganinmu waɗannan biyun sun fi satar fasaha nauyi nesa ba kusa ba.

Dokar guntun bidiyo

Wasu kulob-kulob suna cewa a ɗora gutsure amma ban da cikakken wasa, misali daƙiƙa 15, kuma na yaronka kaɗai. Ga alkafura da tsalle wannan yana tafiya daidai: yarinya ta ratsa dandamali ita kaɗai cikin daƙiƙa biyar ko shida, an ɗauka, an gama. Ga ɗagawa kuwa “yaronka kaɗai” ba ya yiwuwa. Rukunin ɗagawa mutum huɗu ne a galibi: ta sama, masu ɗagawa biyu, da mai tsaron baya. Duk wanda ya ɗauki ta sama ya ɗauki 'ya'yan gidaje uku tare da ita. In dokar ba ta ce sai da amincewar iyayen sauran ukun ba, to ba ta san wasan ba.

Sai lissafi. Minti biyu da rabi daƙiƙa 150 ne. Gutsure goma masu daƙiƙa 15 sun cika wasa cif. Ƙungiya mai yara ashirin, kowace uwa ta ɗora inda 'yarta ta fi fitowa, duka kuma sun saka sunan kulob, mai son haɗa wasan zai haɗa shi a zama ɗaya. Maganin wannan shi ne a ambaci sassan da ba a taɓawa kafin a buɗe: dala, rawa, da yadda ake sauya jeri daga wani sashe zuwa wani. A nan ne basirar mai tsarawa take. Alkafurar mataki na 3 a matakan ƙwarewa kuwa iri ɗaya ce a ko'ina, ba wanda zai sace ta.

Duk da haka wannan doka tana da kyau ga iyaye, domin tana ba su abin da yawancinsu suke so tun farko. Kaɗan ne suke son ɗora minti biyu da rabi da aka ɗauka daga kujera ta arba'in, inda ba a gane fuskar kowa. Abin da suke so shi ne daƙiƙun da 'yarsu ta yi abin da ta shafe wata uku tana koyo.

Kiɗa, inda aka fi yin tuntuɓe

Tun 2016 hukumar USA Cheer mai kula da wasan a Amurka ta fitar da ƙa'idojin haƙƙin mallakar kiɗa, kuma masu shirya gasa suna neman shaidar lasisi daga kowace ƙungiya. Iyaye da yawa, har da wasu kociyoyi, suna ɗauka cewa tunda an biya kuɗin kiɗa an gama. Ba haka ba ne. Izinin haɗa kiɗa a yi wasa da shi a zauren gasa daban, izinin manna shi a jikin bidiyo a watsa wa duniya daban. Wani lasisin ya haɗa da na biyun, wani bai haɗa ba. Kiɗan da aka ƙirƙiro wa ƙungiya daga tushe yakan fi sauƙin sha'ani fiye da wanda aka gina a kan sake rera waƙoƙin da suka yi suna, domin a na biyun marubutan waƙar na asali suna da nasu haƙƙin. Amsar tana cikin takardar lasisin da ke hannun kulob, kuma iyaye suna da damar tambaya kai tsaye: kiɗan bana an yarda a ɗora shi?

Abin da ke faruwa in an ɗora ba izini ya danganta da dandalin. A YouTube akwai na'urar Content ID da ke gane kiɗa da kanta. In ta gane, mai haƙƙi zai iya toshe bidiyon ko ya karɓi kuɗin tallan da ke kansa, kuma wannan ba ya taɓa lafiyar tashar. Amma in mai haƙƙi ya shigar da buƙatar a cire a hukumance, gargaɗi ne ya hau kan tashar, kuma gargaɗi uku suna iya sa a rufe ta da duk abin da ke ciki. Instagram da Facebook sukan kashe sautin ko su toshe bidiyon. Ta fuskar shari'a, dokar Amurka ta tanadi diyya daga dalar Amurka 750 zuwa 30,000 a kan kowace waƙa, tana iya kaiwa 150,000 in an tabbatar da ganganci ne, kuma kiɗan wasa guda na iya ƙunsar guntayen waƙoƙi da yawa. Shafin kulob ya fi shafin uwa shiga haɗari, domin shi na kasuwanci ne, duk abin da ya ɗora talla ne.

Hanya mafi sauƙi ita ce a cire sauti kafin a ɗora. Kowace waya tana yi daga wurin gyaran bidiyo. In ana son kiɗa a ɗauko daga rumbun dandalin kansa, tare da sanin cewa shafukan kasuwanci a TikTok da Instagram rumbunsu ya fi na sauran jama'a ƙanƙanta, saboda wannan dalili na lasisi. Wani abu na kusa da wannan: ƙa'idar Varsity ta hana watsa wasa kai tsaye daga zauren gasarta ko da ba don kasuwanci ba ne. Ko kulob ya buɗe komai, dokar mai gasa tana sama da tasa a cikin zauren. Haka ma kwafe bidiyo daga allon Varsity TV a ɗora a wani wuri saɓa ƙa'idar rajista ne.

Kulob kaɗai ke ɗorawa

A wannan tsari mutum ɗaya ne yake ɗaukar bidiyo da sunan kulob, daga tsakiya, a ɗan tudu, waya a kwance don tabarmi tara su shiga duka. Cikakken bidiyon yana zuwa rufaffen zauren iyaye. Abin da za a nuna wa duniya kulob ne yake zaɓa, ya cire sauti in da buƙata, ya duba jerin waɗanda iyayensu suka amince, sannan ya ɗora. Iyaye su yaɗa daga shafin kulob maimakon su ɗora nasu. Ƙarfin wannan tsari shi ne tushe ɗaya: in aka ce a cire, an goge a wuri ɗaya, duk waɗanda suka yaɗa daga can nasu ya tafi.

Yana da nasa ciwon kai. Mai zaɓar bidiyo yakan karkata ga na sama da manyan ƙungiyoyi, sai mai tsaron baya ta shekara ba a ga fuskarta ba, uwarta kuma tana lura. Aiki ne kuma mai cin lokaci a ƙarshen mako mai ƙungiyoyi goma. Kuma lallai mabuɗin shafin ya zama a hannun mai kulob, kada a bar shi a wayar koci ɗaya, domin koci yana barin aiki.

“Rufaffen zaure” ma hawa-hawa ne. Bidiyon YouTube da aka ɓoye daga bincike duk mai mahaɗin zai kalla, kuma mahaɗi yana yawo. Wanda aka mayar na sirri sai waɗanda aka gayyata da adireshin imel, iyakarsu mutum 50, kowa kuma sai ya shiga da asusunsa na Google. Ya fi tsaro, ya fi wahala. Manhajar BAND, wadda kulob-kulob da yawa suke amfani da ita, da rufaffen zauren Facebook suna ba shugaba ikon tantance masu shiga, amma sai an riƙa share waɗanda suka bar kulob, in ba haka ba uwar da ta koma wurin abokan hamayya a Janairu tana nan tana kallo. WhatsApp ya fi kowanne sauƙi kuma ya fi kowanne yoyo, tunda bidiyon yana sauka a wayar kowa. Babu ɗaya cikinsu da zai hana mutum ɗaukar allon da wata wayar.

Ga iyalan Hausawa da ke Amurka wannan batu yana da wata fuska. Kaka tana Kano ko Damagaram tana son ganin jikanyarta, hanyar da aka saba kuma ita ce zauren dangi na WhatsApp, inda bidiyo kan tsallaka zuwa zaure na biyu da na uku kafin dare. Kayan gasa gajeru ne, kuma tare da 'yarku akwai 'ya'yan wasu da ba a nemi izininsu ba. Ya fi kyau a nuna wa kaka ta kiran bidiyo, ko a tura mata ita kaɗai gutsuren da 'yarku take ita ɗaya.

Buɗe komai, da batun tsaron yara

Akwai kulob-kulob da ba su hana komai, suna ma roƙon a saka sunansu. Ga babbar ƙungiya ta 'yan shekara sha bakwai, sha takwas mai zuwa gasar duniya, wadda dubban mutane za su ɗauka ko ta so ko ta ƙi, wannan ba wani asara ba ne, talla ce kyauta. Ga 'yan shekara bakwai lamarin daban ne.

Ku dubi abin da rubutu ɗaya ƙarƙashin bidiyo yake bayarwa: sunan yarinya, sunan kulob, sunan ƙungiya, da “sai mun haɗu a Atlanta”. Masu shirya gasa suna wallafa jadawali a intanet, da sunan kowace ƙungiya da zauren da za ta yi wasa da minti nawa za ta hau. Wanda bai taɓa ganin yarinyar ba yanzu ya san inda za ta kasance ranar Asabar da ƙarfe nawa. Sannan yanayin wasan kansa: ta sama tana ɗaga ƙafa har kai a cikin gajeren siket, kuma bidiyo ana tsayar da shi a ɗauki hoto. Wannan ba zato ba ne. A Fabrairun 2019 YouTube ta rufe sharhi a ƙarƙashin yawancin bidiyoyin ƙananan yara bayan an gano yadda ɓata-gari suke amfani da wurin. A 2024 jaridar New York Times ta yi bincike a kan shafukan Instagram na 'yan mata ƙanana da iyaye suke gudanarwa, ta nuna irin mazan da suke bibiyarsu. A cikin wasan kansa, binciken USA Today na 2020 ya gano mutane kusan 180 masu alaƙa da ciyalidin da aka tuhuma da laifin lalata da ya shafi yara amma hukumomin wasan ba su dakatar da su ba. Instagram da TikTok ba su yarda ɗan ƙasa da shekara 13 ya buɗe shafi ba, amma shafin “mama ce ke kula” yana zagaye wannan shinge, kuma kulob mai hankali yana da abin faɗa a kansa.

Sai bidiyon faɗuwa. Dala ta rushe, wani ya yanko daƙiƙa huɗu, shafukan da ba a san masu su ba suka ɗauka, yarinya 'yar sha uku ta shiga makaranta ranar Litinin kowa ya gani. Dokar da ba ta hana 'yan gida ɗora faɗuwa da rauni ba ta bar babban giɓi, kowace iri ce.

Abin da muke ba da shawara

Ga ƙungiyoyin 'yan ƙasa da shekara 13, ku nemi kulob ɗin da shi yake ɗorawa, cikakken wasa yana rufaffen zaure, iyaye kuma suna da damar ɗora gutsuren yaronsu ba sauti, ba cikakken suna, ba ambaton gasa ta gaba sai an dawo. Ga manya, hani har gasar farko tare da dokar gutsure ya wadatar, muddin atisaye yana rufe duk shekara kuma an yi togaciya ga bidiyon neman jami'a. Hani gaba ɗaya ya dace ne kawai inda akwai dalili na musamman, kamar yaron da ke hannun riƙo ko wanda kotu ta ba da umarnin kariya a kansa, kuma a nan koci zai sanar da ƙungiya ba tare da ya faɗi ko wane yaro ne ba. Buɗe komai ba mu ga wanda ya dace da shi ba sai ƙungiyar da kusan duk 'yan cikinta sun mallaki hankalin kansu.

Kafin ku sa hannu, ku duba ko izinin amfani da hoton yaro takarda ce daban da za a iya ƙi, ko an cusa shi cikin yarjejeniyar gaba ɗaya ta yadda ƙin sa yana nufin ƙin kulob. Ku duba ko dokar ta hau kan kociyoyi, domin koci mai ɗora yaran mutane a shafinsa na kansa don tallata darasin da yake bayarwa a gefe ya fi uwa mai zumuɗi zama matsala. Ku duba hukunci. Mai kyau yana tafiya mataki-mataki: a nemi a cire cikin awa 24, in an maimaita a zauna da mai kulob, kora sai a ƙarshe. Ku yi hattara da dokar da take cire yaro daga gasa saboda abin da uwarsa ta ɗora. Ban da rashin adalci ga yaron, cire mutum ɗaya yana zaunar da rukunin ɗagawa na mutum huɗu, dala kuma ta rasa ɓangare guda, sai ƙungiya duka ta biya.

Ku tambaya kuma me zai faru da bidiyoyin in yaro ya bar kulob. Yarjejeniyoyi da yawa suna ba kulob izini na har abada, ta yadda fuskar 'yarku za ta ci gaba da zama a tallarsu shekaru bayan ta daina wasan. Ku nemi a rubuta cewa za ku iya janye izini ta imel, kuma za a cire duk bidiyon da ita ce jigonsa cikin kwanakin da aka ƙayyade. Bidiyon ƙungiya gaba ɗaya da wuya a yarda a goge shi saboda mutum ɗaya, amma ana iya cire sunanta da alamar shafinta daga jikinsa, kuma wannan ma a sa shi a rubuce.